Tudun Eino Rautio

A tafkinmu mutum zai ara maka motarsa, ya ba ka makullin gidansa, ya gaya maka abin da likita ya gani a cikin hanjinsa, amma ba zai gaya maka inda yake kama kifin da ake kira walay ba. In ka tambaya, sai ya ce, "A ruwa." Babu wanda yake jin haushin wannan amsa, domin kowa ita yake bayarwa.

Eino Rautio ya fi kowa riƙo da wannan al'ada. Tun yana saurayi ya gano wani tudun duwatsu a ƙarƙashin ruwa, can tsakiyar tafkin, faɗinsa bai wuce ɗaki da falo ba. Da zarar walay sun gama ƙwai, ruwa ya fara ɗumi a farkon watan Yuni, sai su taru a gefen tudun, daidai inda dutse ya ƙare laka ta fara. Eino yana gane wurin ta hanyar daidaita wasu abubuwa na bakin gaɓa da idonsa, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ko mene ne su ba. Matarsa ta rasu ba ta sani ba. A gaskiya ba ta taɓa tambaya ba, amma shi yana lissafa hakan cikin nasarorinsa.

Jirginsa kujera uku gare shi. Shi a baya, hannunsa a kan injin. Duane, mijin 'yarsa Marlys, a tsakiya. Ni a gaba, aikina riƙe raga da yin shiru, abubuwa biyu da shekarun koyar da tarihi a sakandare suka shirya ni dominsu. Kafin mu tashi Eino yakan karɓe wayoyinmu ya zuba a bokiti ya rufe, sannan ya yi ta zagaye da mu cikin tafkin har kanmu ya juye. Haka Duane ya yi shekaru yana cin kifin tudun bai san inda yake ba, yana murmushi irin na mutumin da ya san surukinsa ba zai dawwama ba.

Da sanyin bana ɓarin jikin Eino ya shanye. Hannun hagu ya mutu, ƙafar kuma sai ya ja ta. Likita ya ce ba shi ba tuƙi, Marlys ta ɗauke makullin jirgin ta miƙa wa mijinta. Kafin ƙanƙarar tafkin ta gama narkewa Duane ya riga ya kafa wata na'ura kusa da injin, mai nuna ƙasan ruwa, mai kuma riƙe wuri a kanta in an danna mata. Sannan akwai Brent Kowalke, maigidan Duane a kamfanin sayar da taraktoci, wanda ya daɗe yana cewa yana son ya ga wannan walay da ake ta magana. Mutum huɗu ke nan, kujera uku. Eino ba ya buƙatar a yi masa lissafin. Abin da ya rage masa da zai sa a ci gaba da ɗaukarsa shi ne tudun, kuma yanzu ba shi da hanyar zuwa tudun sai ya faɗa wa mai tuƙi.

Safiyar farko da muka fita bana akwai gajimare da 'yar iska mai tayar da fuskar ruwa, irin ranar da walay suke so. Muka ɗauko Eino daga gadar katakon da ake ɗaure jirgi a jikinta muka saukar da shi a kujerar tsakiya kamar buhun dankali. Marlys ta ɗaure masa rigar ceto har wuya.

"Wayoyi," in ji Eino.

"Ga su, Baba," Duane ya ce, ya jefa tasa cikin bokitin da ladabi. Na'urar tana gefensa tana walƙiya.

"Wancan talabijin ɗin fa?"

"Don duwatsu ne, Baba. Kada in fasa maka jirgi."

"Na yi shekara hamsin ban fasa shi ba."

"Ai shi ya sa ba na so in zama na farko."

Eino ya dube ni. Na duƙa ina gyara raga.

Eino ya ce a bi yamma. Ya ce a karkata dama. Ya sa muka zagaye ƙaramin tsibiri, sannan ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ce a saki anga, ƙarfen tsayar da jirgi. Na sa masa matsattsaku a ƙugiya, domin da hannu ɗaya ba a kama matsattsaku, su suke kama mutum. Muka zura fatsa muka zauna. Duane ya kalli na'urarsa, ya kalli surukinsa. Ƙasan wurin shimfiɗe yake kamar tebur, laka ce zalla, ko kwaɗo ba zai yi hayar ɗaki a can ba. Tsohon ya kawo mu wurin ƙarya, yana fatan wani walay ɓatacce zai zo ya rufa masa asiri.

Babu wanda ya zo. Kofi ya ƙare. Rana ta fara leƙowa.

"Wataƙila sun ƙaura, Baba," in ji Duane. "Ko kifi ma yana gajiya da wuri ɗaya. Mu je mu ɗan motsa jini."

Ya kai mu wani lungu mai yashi, ruwan bai kai ƙugu ba, inda kifin bas suke sheƙa. A wannan lokacin namijin ne yake tsaye a kan ƙwai, ba ya cin komai, sai dai ya kai wa duk abin da ya matso hari. Duane ya jefa masa tanar roba a tsakiyar sheƙar. Kifin ya ɗauke ta don ya fitar da ita daga ɗakinsa, Duane ya fizge shi. Ya riƙe shi ta leɓe yana juya shi a rana, yana cewa in duba ƙibarsa. A ƙasa kuwa bulugil, ƙananan kifayen nan masu faɗin tafin hannu, sun riga sun yi wa sheƙar dafifi. Kafin ya mayar da uban ruwa sun share wurin tas. Kifin ya koma ya tsaya a kan yashin, yana gadi.

"Wannan ba kamun kifi ba ne," Eino ya ce. "Fashi ne a ɗakin haihuwa."

"To ai ya fi zaman makoki a kan laka, Baba." Duane ya goge hannunsa a wando. Sannan ya sassauta murya, ya yi ta irin ta ma'aikatan asibiti. "Ka ga, babu laifi in mutum ya manta. Likita ya ce hakan na faruwa. Ni da Marlys mun yi maganar. Mu koma gida ka huta, gobe kuma sai mu gani."

"Wa ya manta?"

"Ba wanda ya ce ka manta."

"Yanzu ka faɗa."

"Na ce in ma ka manta. Malam, ba haka na ce ba?"

Na ce ban ji sosai ba, saboda iska.

Eino ya dubi bakin gaɓa. Ina ganin abin da yake aunawa, domin ba shi da wuyar gani. In ya yi shiru, an gama da shi yau, a matsayin tsohon da kansa ya zube. In ya faɗa, wataƙila sai gobe a gama da shi. Mutanenmu suna iya jure a ce sun mutu, amma ba sa jure a ce sun ɓata a tafkinsu.

"Tayar da injin," ya ce. "Bi arewa har tankin ruwan gari ya shiga bayan hasumiyar coci."

Duane ya bi, a hankali, kamar mai tallabe da ƙwai a cokali.

"Riƙe shi nan. Yanzu dubi gabas. Ka ga bishiyar nan da tsawa ta tsage? Ci gaba har ta zauna a kan jan rufin gidan su Halvorsen. Ba a gefensa ba, wawa, a kansa."

Ya faɗi kalmomin da ƙyar, ɗaya bayan ɗaya, kamar ana cire masa haƙora. Abin da ya riƙe tun kafin a haifi Duane bai cika numfashi biyu ba. A fuskar na'urar ƙasan ruwa ya taso kamar doron raƙumi, ga kifaye jere a gefensa. Na saki anga. Duane ya miƙa yatsa ya danna, na'urar ta yi 'yar ƙara sau ɗaya.

"Mene ne wannan?" in ji Eino.

"Gaisuwa take yi, Baba."

Walay ba ya cin koto kamar mayunwaci. Yakan ɗan taɓa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da bai tabbata tasa ba ce. Sai ka saki zaren da yatsa, ka bar shi ya tafi da matsattsakun, ka jira, sannan ka tattare ka fizga. Aikin hannu biyu ne. Duane ya ciro na farko, na ciro na biyu, masu ruwan zinariya da farin ido, daidai girman kasko. Eino kuwa yana jin taɓawar, ina ganin haka a fuskarsa, amma babu yatsan da zai saki zaren. Ya fizga da wuri, ƙugiya ta dawo tsirara. Na sake sa masa koto. Ta sake dawowa tsirara.

"Baba yana ciyar da su ne don su yi mana ƙiba," in ji Duane.

Can wani kifi ya haɗiye ƙugiyar Eino da kansa. Sandar ta lanƙwashe. Eino ya tokare gindinta a cikinsa, ya rasa hannun da zai naɗe zaren, sai ya kai bakinsa yana ƙoƙarin juya mariƙin naɗin zaren da haɓa. Duane ya bar shi ya yi haka na ɗan lokaci. Sannan ya ce, "Kawo, Baba," ya zare sandar daga hannunsa, ya jawo kifin, na sa raga. Shi ne mafi girma a ranar. Duane ya ɗauko wayarsa daga bokiti ya ba ni, ya riƙe kifin a ƙirjinsa, ya ce in tabbata bishiyar ba ta fito a hoton ba.

Da yamma Marlys ta soya su da man shanu da dankali. Ta yanka wa ubanta nasa ƙanana. Ya ci, ya yi ta magana fiye da yadda ya saba, yana ba Duane shawara a kan inda ya kamata a saki anga gobe in iska ta juya kudu. Duane ya yi ta gyaɗa kai yana cewa, "Haka ne, Baba. Ƙwarai kuwa." Kifin ya yi daɗi.

Washegari da na iso, Eino yana tsaye a bakin gada, ya jingina da turke. Shi ya sa rigar cetonsa da kansa, ya ɗaure ta a karkace. Brent Kowalke yana zaune a kujerar tsakiya da sabuwar hula da sabuwar sanda, takardar kanti ba a ma cire mata ba. A ƙarshen gadar an ajiye kujerar roba, da gwangwanin tana, da laima.

"Ranka ya daɗe, na ji labarinka," in ji Brent, ya miƙo hannu daga cikin jirgin. "An ce kai ne sarkin tafkin nan."

Eino bai karɓa ba. Ya ce da Duane, "Ina zan zauna?"

"Baba, jiya ka gaji. Marlys ta ce numfashinka bai yi mata ba. Yau ka huta, mu za mu je mu dubo maka su."

"To sai Malam ya sauka," in ji Eino.

Duane ya dube ni, kamar da gaske yana auna maganar. "Wa zai ja anga, Baba? Wa zai riƙe raga?"

Na duba hannayena. Suna nan, duka biyun.

"Ban gaya maka duka ba," Eino ya ce da sauri. "Akwai alama ta uku. In ba ni, ba za ka same shi ba."

"To, Baba." Duane ya shafa kan na'urar. "In mun ɓata za mu dawo mu ɗauke ka."

Marlys ta fito da kofi, ta kama ubanta ta gwiwar hannu ta kai shi kujerar robar. "Baba, bulugil sun cika gindin gadar nan, kuma ka san ina son su. Ka kamo mana na rana." Ta soka masa tana a ƙugiya tana yamutsa fuska, ta sa masa sandar a hannu, ta sumbaci tsakiyar kansa, ta koma ciki domin wayarta tana ƙara.

Duane ya tayar da injin. Bai zagaya ko'ina ba, bai kalli coci ba, bai kalli bishiya ba. Ya bi layin da na'urar ta zana masa, miƙe.

"Wurin yana da suna?" Brent ya tambaya da ƙarfi saboda ƙarar injin.

"Ban sa masa ba tukuna," in ji Duane. "Amma kada ka gaya wa kowa."

Mai zama a gaba baya yake fuskanta in jirgi yana gudu, don haka ni kaɗai nake ganin gadar. Marlys ta yi gaskiya, bulugil suna ci. Ba mu yi nisa ba Eino ya ɗaga sandarsa, ga ɗan kifi yana reto a bakin zaren, yana walƙiya. Ya jawo shi kusa da ƙirjinsa, ya dube shi, ya dubi hannunsa na hagu da ke kwance a cinyarsa. Ya waiwaya wajen gidan. Ƙofar a rufe take. Ya ci gaba da riƙe sandar a sama, kifin yana ta juyi, har muka sha kwanar tsibiri.