Yayen Illa a Shekarar Fara

Shekarar da fara ta sauka a Matameye ta lashe gero tun yana kan kara, a shekarar ne Fadima matar Manu ta samu ciki, ga ɗanta Illa a baya bai fi wata goma sha biyar ba. Nono ya ɓaci, sai yaye. Yaye kuwa gidan kaka ake kai yaro, shi kuma Illa kaka biyu gare shi.

Ta wajen uwa ita ce Baiwa, can Dawce, mai awaki huɗu da rabin rumbun wake. Ta wajen uba kuwa Tata, maƙwabciyata, zana ɗaya ta raba mu, zanar ma duk ɓula. Abin da Tata ta mallaka a ɗaka bai wuce masakin dusa da ɗan tsaki ba, sai baki. Tun ranar sunan Illa, da Baiwa ta shigo da gara ƙwarya goma mata suka yi ta rangaɗa guɗa, Tata ba ta ƙara jin sunan Dawce ba tare da ta yi tsaki ba.

Manu ya durƙusa ya ce, “Inna, da an kai shi Dawce, ko don nono.”

“Ina raye? Kai da nonon akuya na raya ka? Miƙo min mijina.”

Aka sha rubutun Malam, aka miƙa mata.

Safe kunun dusa, rana kunun dusa, yamma ɗan tuwon tsaki da miyar kuka lami. Ranar kasuwa Baiwa ta aiko da ƙullin wake da ƙwaryar nono. Tata ta leƙa, ta haɗiye yawu har na ji daga bayan zana, sannan ta rufe faifan ta ce wa matar da aka aiko, “Mayar mata. Ce mata mijina ba ya cin sadaka.”

Bayan wata biyu sai ga Illa ya yi kumatu. Ƙafa ta cika, bayan hannu ya yi luhu-luhu. Tata ta shafe shi da man kaɗanya, ta goya shi zuwa rijiya tana juyi.

“Ku duba min! Masu awaki sai su zo su koyi reno.”

Mata suka yi ta barka. Ni dai na lura gashin yaron ya yi ja, kuma ko an yi masa wasa ba ya dariya, amma wa zai tanka wa Tata a bakin rijiya?

Ita da kanta ta aika Dawce, wai Baiwa ta zo ta ga ƙiba. Baiwa ta iso da hantsi, ƙafa duk ƙura. Aka gaisa, aka tambayi gida da dabbobi kamar ba komai. Tata ta zaunar da Illa a tabarma tana murmushi.

Baiwa ta jawo shi kusa da ita. Ta kama ƙafarsa, ta danna babban yatsanta a bayan ƙafar, ta ɗauke. Gurbin ya tsaya kamar an danna tuwo mai sanyi. Suka zuba masa ido su biyu, bai ciko ba.

“Yaya Tata, wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne.”

“Hassada ce ke cin ki.”

“Da hassada ce da na ji daɗi. Wan Fadima haka ya yi a waccan yunwa. Na yi ta nuna shi ga mutane kamar yadda kike yi. Kwana ashirin ya ƙara.”

Tata ta sa nata yatsan ta danna ɗaya ƙafar, ko na Baiwa ne ke da mugunta. Nata gurbin ma ya fi zurfi.

Ta shiga ɗaki. Na ji tana fyace hanci. Ta fito da majanyi, ta ɗora Illa a bayan Baiwa, ta ɗaure da hannunta, ta ja ƙullin har Baiwa ta ce wash. Sannan ta koma ta ɗauko tabarmarta da butarta.

Manu ya ce, “Inna, ina kuma za ki?”

“Dawce.”

“Gidan surukai? Ki kwana? Me mutane za su ce?”

“Su faɗa. In bar ta ta raya shi ita kaɗai, ya tashi yana ce mata kaka, ni yana ce min wace ce wannan?”

Wata uku ta yi a can tana cin waken da ta mayar. Suka dawo da kaka, bayan an yanke sabon gero. Kumburin ya saɓe, Illa ya rame kamar sillen kara, amma yana tafiya da ƙafarsa, har ya bi kazata ya tsige mata wutsiya.

Na leƙa ta zana na ce, “Tata, ashe Baiwa ta iya reno.”

Ta harare ni. “Akuya ce ta yi aikin. Ita Baiwa me ta yi ban da tatsa? Ƙoƙon ma ni nake riƙe masa.”