Ƙofar Ɗakin Ƙurya

Otal ɗin yayata ƙarami ne, a bayan tashar mota. Ni ke zama a teburin karɓar baƙi, ko in ce ni ke korar ƙuda, don baƙi sun yi ƙaranci har Yaya ta fara zancen rufe wurin. Raina ya ɓaci sosai, domin nan ne duk abin da ta mallaka.

Ana haka sai masu wasan barkwanci na talabijin suka zo neman wurin ɗaukar shiri. Yaya ta amince da gudu, a tunaninta duniya za ta ga sababbin labulenta. Darakta kuwa ko kallon labule bai yi ba. Abin da ya tafi da shi ƙofar ɗakin ƙurya ce, wadda ta kumbura tun wata damina. Ba ta buɗuwa sai ka ɗaga mariƙin, ka banke ta da kafaɗa, sannan ka afka ciki da ka. Kowane mako sai wani ya afka: ango, likita, har da mai ƙaton tumbi riƙe da tiren shayi.

Muna kallo muna dariya har da hawaye, Yaya kuwa kamar ta nutse don kunya.

"Duk gari na kallon asirina a waje," in ji ta.

Ba ta shawarci kowa ba, ta kira kafinta ya kankare gefen ƙofar. Da darakta ya dawo ya taɓa ta, sai ta buɗe salin-alin. Ya dafe kai. 'Yan wasa suka koma faɗuwar ƙarya, abin ya ƙi armashi, ba a jima ba gidan talabijin ya dakatar da shirin.

Bayan 'yan makonni wani magidanci ya shigo da matarsa, ya ce ɗakin nan na talabijin suke so. Na kai su. Ya miƙa wa matar waya ta ɗauke shi, ya gyara kafaɗa, yana kama mariƙi ƙofa ta buɗe.

"Ai ba ita ba ce," in ji matar. Suka ja akwatinsu suka fita.

Haka aka yi ta zuwa ana komawa, Yaya na leƙe ta taga. Ran nan ta sake kiran kafinta.

"Malam, mayar mini da ita yadda take a da."

"Ranki ya daɗe, ni gyara na koya, ba ɓatawa ba."

"To yau ka ƙaro ilimi."

Yana gunaguni ya buga siririn katako a gefen ƙofar. Na ce bari in gwada, Yaya ta ture ni, wai otal ɗinta ne. Ta ɗaga mariƙi, ta banka, sai ga ta rub da ciki a kan darduma, ɗankwali ya yi nasa wuri.

Ta ɗago kai tana haki, ta dubi kafinta.

"Ƙara matse ta kaɗan. Kai kuma ƙanena, koma teburinka, na ji tsayuwar mota a waje."