Doguwar Sujada

Idan ana neman mai taurin kai a Illela, kada a sha wahala, a zo gidanmu a tambayi mahaifina, Malam Attahiru, limamin masallacin unguwarmu. Shekara da shekaru gwiwoyinsa da ƙugunsa suna cinsa, amma ko ni da nake dafa masa ruwan gashi ban taɓa jin ya ce wayyo ba. Sai dai in ji ƙas-ƙas idan zai tashi daga kan buzu, kamar ana karya kara.

Dalilinsa ɗaya ne. A karatun da ya gada, mai salla a zaune ba ya jan masu tsayuwa. Ranar da ya kasa sujada, ranar limancin da ya karɓa daga mahaifinsa zai bar hannunsa.

Ana nan sai wasu likitoci daga Sakkwato suka fara bincike. Suna bin dattawa masu ciwon gwiwa da ƙugu shekara bayan shekara, don su ga yadda ciwon ke tafiya da mutum. Bayan kowace babbar salla sukan zo su ɗauki hoton ƙashi, su sa mutum ya zauna ya tashi, ya taka zuwa bakin ƙofa ya dawo. Wanda nasa ya tsananta su tura shi babban asibiti. Ni na nace har Malam ya yarda ya shiga, ina ta murna na samo masa mafita.

Ashe filin nuna bajinta na samo masa. A farfajiyar asibitin garinmu ake gwajin, rabin masu jiran layi kuwa mamunsa ne. Don haka duk jajibirin zuwan likitoci sai Malam ya hau bayan ɗan kabu-kabu ya tsallaka iyaka zuwa Ƙonni ta Nijar, a yi masa allurar kashe ciwo, ya dawo yana taku kamar ango. Washegari ya miƙe tsam a gaban likita, ya juyo ya dubi jama'a. In allura ta sake shi kuwa, sai ni da tukunyar ruwan zafi.

Bara Likita Shahida, mai jagorantar aikin, ta ɗaga hotonsa a hasken taga ta daɗe tana kallo.

"Malam, guringuntsin nan ya kusa ƙarewa, ƙashi ke gugar ƙashi. Ba ya hana ka komai?"

"Alhamdu lillahi, lahiya lau nike, ɗiyata."

Ta juyo ta dube ni. Na buɗe baki, Malam ya watso min harara, na haɗiye maganata. Wa zai ƙaryata ubansa a gaban mamunsa?

A gida dai na kasa haƙuri.

"Baba, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Mutanen ga gaskiyar ciwon suka nema. Kana ɓata musu aiki, kana ɓata ma kanka. In sun ce lahiyarka lau, wa za shi tura ka asibiti?"

"Hindatu, mi yah haɗa ki da gwiwata? Ke ka sujada da ita?"

Takaici ya ishe ni har na fasa masa shayin yamma. Bai ko tambaya ba, abin da ya ƙara ƙona min rai ke nan.

Wata la'asar ina tankaɗe a tsakar gida, lasifikar masallaci tana kawo kabbarar Malam kamar kullum. Ya yi kabbara ya tafi sujada. Na ci gaba da aikina ina jiran ta ɗagowa, sai na ji shiru. Na ajiye rariya. Babu abin da ke fitowa daga lasifikar sai numfashinsa, mai nauyi, irin na wanda ke ƙoƙarin ɗaga buhu. Daga cikin sahu wani ya ce, "Subhanallah." Can wani ya sake faɗa. Mutum cike da masallaci, har 'yan canjin da suka baro teburansu, kowa goshi a ƙasa, suna jiran mahaifina ya tashi, shi kuwa gwiwa ta ƙi.

Da kabbarar ta zo, ba muryarsa ba ce. Nu'man ne, na'ibinsa.

Bayan sallama mutum biyu suka rako shi gida, kowa riƙe da kafaɗa ɗaya. Na tanadi "ai na faɗa maka" har bakina yana ƙaiƙayi. Da suka fita ya zauna a bakin gado, bai dube ni ba, yana ta murza carbi ba tare da ya ja ko ƙwaya ɗaya ba.

"Hindatu."

"Na'am, Baba."

"Kahin magariba ki sa a kai min kujerar roba masallaci. A aje ta ƙarshen sahu, wajen bango."

Duk faɗan da na tanada ya tsere min, tausayinsa ya kama ni. Na fita na zaɓi wadda ta fi ƙwari, na tsuguna a bakin rijiya ina wanke ta ina kuka.