Yashi a Cikin Lasifika

Ni Idirisa, sana'ata saye da sayar da wake da gero a kasuwar Maraɗi. Ban yi lakwal ba, ban san boko ba, amma tunda nake ban taɓa sayen buhun da ban soka masa ƙarfe na ga abin da ke cikinsa ba. Ƙarfen nan kullum yana aljihuna.

Ƙanena Zakari ne ya zo mini da maganar banza. Wai zai buɗe ɗakin ɗaukar waƙa a unguwar Zariya, kuma ya ga wasu lasifika biyu a shagon Abdulmutallib na Sabon Gari, waɗanda wani Bature ya bari da zai koma ƙasarsu. Shi kuwa Abdulmutallib musaya yake so: a ba shi garkar da Zakari ya gada a Jiratawa. Garkar mahaifinmu! Wadda ke ba da zogale da albasa rani da damina, wadda tsoho ya yi wa shinge da hannunsa.

Na yi faɗa, na sa kawunmu na Tibiri ya yi masa faɗa, har yaron ya fara sanyi. Ya ce, "To Yaya, mu je ka gan su da idonka. In ba su yi maka ba na haƙura." Da wannan alkawari muka hau moto.

Gaskiya akwatunan suna da kyau. Tsayinsu ya kai mini ƙugu, katakon ja ne mai sheƙi, ba ka ganin inda aka haɗa shi. Abdulmutallib ya sa mana kiɗan gurmi, na ji har yadda farcen makaɗin ke goga tsirkiya. Ban nuna masa ba.

"Malam Idirisa, ƙwanƙwasa ka ji," in ji shi. Na ƙwanƙwasa, shiru kamar dutse. "To ɗaga."

Na rungumi guda na ɗaga, bayana ya amsa.

"Ka ji nauyi ko? Wannan shi ne kaya. Na banza da hannu ɗaya ake ɗaukarsu."

Nan ya ɓata rawarsa. A gabana mutum zai yi taƙama da nauyi? Duk macucin da ya taɓa kawo mini gero, da nauyi ya fara yabon buhunsa. Na karkata akwatin, na kasa kunne. Can ƙasa wani abu ya yi shuu, ya gangara. Wannan ƙarar ko cikin barci na santa.

"Buɗe gindin," na ce.

"Haba Malam, ba a buɗe irin wannan haka kawai."

"Mi kake ɓoyo?"

"Yaya, don Allah," in ji Zakari.

Ban tsaya ba. Na kwantar da akwatin, na zaro ƙarfena, na cusa a bakin wani ɗan murfi da ke ƙasa, na danna. Katakon ya ce ƙaras, tsaga ta haura gefe kamar tsawon hannu, sai ga yashi yana kwarara. Yashi fari tas, ya fi tiya. Na tura shi da ƙafa har lambatun bakin shago, na ɗaga murya don maƙwabta su ji.

"Jama'a ku zo ku gani! Ga abin da za a karɓi garkar ubanmu da shi!"

Suka taru kuwa: tela, mai gyaran salula, mai shayi. Abdulmutallib ya dafe kai. Sannan ya tashi ya tayar da akwatin da na zubar wa yashi, ya ajiye shi kusa da ɗan'uwansa, ya sake sa gurmin nan. Mai yashi ya tsaya cak, muryarsa garau. Wanda na buɗe kuwa, da kiɗan ya yi ƙasa sai ya kama rawar jiki yana zizar kamar ƙudan zuma a tulu.

"Wurin yashin daban aka yi shi," ya ce. "Don ya riƙe akwatin kada ya girgiza. Mai shi da kansa ya zuba, a gabana."

Mai shayi ya tuntsire da dariya. "Malam Idirisa, yau ka soki buhun da ba naka ba!"

"Rufe mana baki, kai da ke sayar da ruwan zafi!"

Tela, wanda shi ne babba a layin, ya shafa tsagar da yatsa ya ce kowa ya san dokar kasuwa: wanda ya ɓata kaya shi ya saya. Na ce a kai ni gaban duk wanda za a kai ni, ba na sayen yashi. Ina cikin wannan sai na ji muryar Zakari a bayana.

"Ku bar yayana. Na saya. Gobe a je Jiratawa da shaidu."

Na juya na ce, "Kai, alkawarinmu fa? Ban ce sun yi mini ba!"

Bai ko dube ni ba.

Har yau in na bi ta Sabon Gari sai wani ya ce, "Mai ƙarfe, a kawo buhu?" Su yi ta yi. Ni dai ina kan bakana: duk wanda zai sa yashi cikin kaya, ya faɗa tun kafin a tambaye shi. Wace irin ƙasa ce ake cika akwati da yashi kuma a ce shi ne mai daraja?

Ranar da aka miƙa garkar, Zakari ya duƙa a bakin shingen tsoho ya ɗebi yashi a leda. Ya tankaɗe shi, ya shanya a rana, ya ɗura a gindin akwatin, kafinta ya ɗinke tsagar. An ce zizar ta daina. Ban je na ji ba. Abdulmutallib na can yana yankan zogalenmu, mu kuma abin da ya rage mana na ƙasar ubanmu yana cikin lasifika a unguwar Zariya, ana yi masa kiɗa.