Babin da Aka Cire

Sawsan ta mayar da littafin kan teburin mai sayar da littattafai, ta girgiza kai. "Ba shi ba ne, Baba Girgis."

"Yau ma? Ga shi an rubuta bugu na farko ƙuru-ƙuru!"

"Masu satar bugu ma haka suke rubutawa," ta ce a hankali.

Ta daɗe tana zagaya rumfunan tsofaffin littattafai na Azbakiya. Mahaifinta, Ustaz Rif'at, shi ya fassara littafin da take nema daga harshen Fotugal zuwa Larabci tun yana saurayi. Bayan bugun farko, masu tace littattafai na hukuma suka cire babin jana'izar soja. Nasa kwafin ya ɓata a wani tashi da suka yi zuwa sabon gida. Yanzu idonsa ya tafi, jiki ya ƙi, kullum babin nan yake so a karanta masa.

Girgis ya daɗe yana kallonta. Sai ya sunkuya ya ciro wani abu naɗe a jarida. Takardar ta yi ja, gefen shafukan kuma a haɗe ba a tsaga su ba, yadda ya fito daga maɗaba'a. Sawsan ta ɗaga shi ga haske, ta leƙa ta tsakanin ninkin. Ta ga kalmar makara, ta ga sunan sojan.

Girgis ya ce, "Kai wa mahaifinki ya shafa, ki dawo mini da shi gobe. Wani mai tara littattafai na so. Kika tsaga shafi ɗaya, ya zama takardar ƙunsa gyaɗa."

"Zan tsaga, Baba Girgis."

"Ke 'yar nan! Ashe kina da baki?"

Ba ta sauke ido ba. Ya yi tsaki, ya yi ƙunƙuni, sannan ya jawo aljihun tebur ya miƙo mata siririyar wuƙar ƙashi. "Kada ki kuskura ki sa masa wuƙar albasa."

Da la'asar ta ɗora wa mahaifinta littafin a ƙirji. Ya shinshina shi, ya bi gefen da yatsa, sai ya tsaya.

"Ba a taɓa buɗe shi ba?"

"Ko sau ɗaya, Baba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Da hukuma ta sani, da ba ta wahalar da kanta ba."

Sawsan ta gyara masa matashi, ta zura wuƙar a ninkin.