Wa Zai Maƙala wa Noelene?

Sau uku fil ɗin bajon yana kuɓuce wa Noelene kafin ya huda rigar marigayiya Glenys. Yatsun shekara tamanin da huɗu ba sa jin magana, ga mai shirya gawa tsaye riƙe da murfin akwati yana satar kallon agogo.

"Anti Noelene, kawo in taya ki," in ji Tracey, 'yar marigayiyar.

"Ke 'yar ƙungiya ce?"

"Haba Anti, kin san aikina bai bar ni na shiga ba..."

"To matsa can."

Haka dokar take a ƙungiyar matan da ke yi wa 'yan mazan jiya hidima a wannan ɗan gari na makiyayan tumaki: mace ba ta shiga kabari sai da bajonta a ƙirji, ta hagu, kuma 'yar ƙungiya ce kaɗai ke maƙala mata. Da su arba'in da biyu ne, suna gasa kek, suna dafa shayi ranar tunawa da sojoji, suna zaga asibiti. Sojojin suka ƙare, matan suka bi bayansu ɗaya-ɗaya. Goma sha ɗaya Noelene ta maƙala wa da hannunta. Yanzu da Glenys ta tafi, ita kaɗai ta rage.

Ta goge bajon da bakin hannun riga. "Kin yi min wayo, Glenys," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ba ke kika ce sai kin ga bayana ba, uwar tsiwa?"

Bayan jana'iza Tracey ta kai ta gida a mota. Sai da suka tsaya a ƙofa ta iya furtawa.

"Anti, kar ki damu. In lokacin ya zo, ni zan sa miki."

"Ba a yin haka, 'yar nan."

"Wa zai sani?"

"Ni."

Gidan shiru, ko kyanwa babu. Ta ɗora ruwan shayi, ta tuɓe baƙar riga, ta zare bajonta ta buɗe gwangwanin da yake kwana ciki tun tana amarya. Nan kaɗaici ya rufe ta, irin wanda ko rasuwar mijinta bai sa mata ba.

Ta daɗe tsaye har butar shayi ta fara kuka. Sai ta mayar da murfin gwangwanin, ta soka fil ɗin bajon a tsohuwar rigar sanyin da take yini da ita, ta hagu. Duk ranar da aka zo aka same ta ta cika, za a tarar 'yar ƙungiya ta riga ta maƙala mata.