Shuɗin Ruwan da Nake Zubawa

Aikina a babban kantin nan shi ne lalata abinci. Eh, haka ka ji. Duk abin da kwanan watan da ke jikinsa ya wuce, ko da kwana ɗaya ne, ni ake tura wa a amalanke zuwa bayan kanti. In farke ledoji, in juye a babban kwandon shara, in kwarara shuɗin magani mai guba a kai, in ɗauki hoto in kai wa manaja. Doka ce, wai don kada wani ya ci ya cutu.

Burodin da ko taurin kirki bai yi ba, jama'a! Biskit yana ƙamshi. Ni da uwata ta raine ni da ɗumame, abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Kullum ƙarfe huɗu mutane suke jeruwa bayan wayar shinge, kamar su goma sha biyar. Ba sa roƙo, ba sa magana, kallo kawai. A gabansu akwai wata tsohuwa mai jakar buhu, ita kaɗai ta taɓa buɗe baki.

"Ɗana, wa ya gaya wa burodi yau ranar mutuwarsa ce?"

Washegari na cika jarkar maganin da ruwan famfo, na ɗiga kalar kek shuɗiya. A hoto ba ka bambancewa. Ina zubawa ina ɗaga murya don manaja ya ji ta taga: "Guba ce! Kowa ya taɓa, ruwansa!" Tsohuwa ta gane. In na shige, su ɗaga waya su kwashe. Wata bakwai muna haka, kuma wallahi na ji daɗin kaina.

Ran nan sai ga jami'ar duba abinci, ta zo ganin yadda ake bin doka. Ta taho da jarkarta, sabuwa, a rufe. Ta ce, "Yi da wannan in gani."

Na buɗe ta na kwarara. Kala ɗaya ce sak da tawa ta jabu, ko wari babu. Na juya wajen shinge na kwarma ihu, "Guba ce! Don Allah, Iya, yau da gaske nake!"

Jami'a ta ce madalla da ma'aikaci. Tsohuwa ta yi mini murmushi, har da gyaɗa kai.

Na ce zan tsaya gadin kwandon. Manaja ya ce in wuce ofis, sai na sa hannu a takardu. Na so in faɗi gaskiya a nan take, tsoron kora ya riƙe mini harshe. Minti goma, ba ƙari. Na fito da gudu na tarar da kwandon fes, kamar an wanke.

Na bi layi-layi har magariba. Wa zan tambaya? Ban san sunan ko ɗaya ba, ban san gidan kowa ba.

Washegari ƙarfe huɗu babu kowa a bayan shinge. Na ce ko tsoro suka ji. Na saurari rediyo, na leƙa asibiti biyu, ba labari.

Yau kwana tara. Na daina farke ledojin, ina jera burodin a gindin waya inda hannu zai kai. Da safe in same shi yadda na bar shi, ko ɗaya bai ragu ba.